Matisyahu: Bayahuden mawaƙin rege da ya tsayar da gemu saboda addini, ya dawo ya aske

Ranar 13 ga watan Disamban 2011 wani mawaƙi ɗan Amurka ya sa hotonsa a shafin Twitter, fuska fayau, ba gemu ba saje. Da wani mawaƙin ne, da babu wanda zai waiwaya. Shi kuwa gemun nan ne tambarinsa. Shekara da shekaru duniya ta san shi da baƙar kwat, da baƙar malfa, da gemu har ƙirji, yana tsalle a kan dandamali yana zuba rege kamar haifaffen Jamaika. Sunansa Matisyahu. Nan da nan jaridun Yahudawa daga New York har Birnin Ƙudus suka ɗauki labarin. Wasu suka ce ya bar addini, wasu suka ce da ma can kasuwa ce ya ci da rigar malamai.

Saƙon da ya biyo hoton bai yi kama da na wanda ya yi ridda ba. Cewa ya yi a lokacin da ya shiga addini ya ji yana buƙatar dokoki masu yawa, in ba haka ba zai tarwatse, yanzu kuma yana so ya karɓi ragamar kansa. Da surutu ya yi yawa sai ya ƙara da cewa a safiyar ranar ma ya yi wankan tsarki ya je wurin ibada, kamar yadda ya yi jiya.

Matashin da ke shan shayi a fada a Agye ko Gazawa, ko ɗan ci-ranin Gidan Rumji da ke Legas, Abijan ko Tamanraset, mai yiwuwa bai taɓa jin wannan suna ba. Amma akwai yiwuwar ya ji waƙarsa mai suna "One Day" a ƙarƙashin wani bidiyo a waya, ba tare da ya san mai ita ba. Tambayar da mutumin ya kwashe rayuwarsa yana kokawa da ita kuwa, ba baƙuwa ba ce a jihar Maraɗi: mai kiɗa zai iya zama mai tsoron Allah, ko dole sai ya ajiye ɗaya?

Yaron da ya tsere daga makaranta

An haifi Matthew Paul Miller ranar 30 ga watan Yunin 1979 a West Chester da ke jihar Pennsylvania, ya tashi a White Plains kusa da birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne, amma irin masu sassauci, waɗanda ba su ɗauki dokokin abinci da na Asabar da tsanani ba. An sa shi makarantar koyon Ibrananci kamar yadda ake sa yaro Islamiyya, bai kama ta da hannu biyu ba. Da ya zama saurayi sai ya tara gashin rasta, ya faɗa shaye-shaye, ya bar sakandare ya bi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Phish gari-gari. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin ƙwayoyin da ya sha a wancan zamani. Duk wanda ya ga abin da tramol ya yi wa 'yan kabu-kabu da leburori a garuruwanmu ya san irin zaman da iyayensa suka yi.

A 1995 ya yi 'yan watanni a wata makaranta a Isra'ila, can ne ya fara jin cewa addinin kakanninsa ya fi ƙarfin abin da aka koya masa a aji. Bai shiryu nan take ba. Sai da aka tura shi jihar Oregon, wani shiri na gyaran tarbiyyar matasa a daji, inda ya ƙarasa sakandare ya kuma fara hawa dandamali a garin Bend da sunan MC Truth. A nan ya goge a rap da rege da kuma fasahar nan ta kwaikwayon ganga da baki, wadda har yau ba ya wasa bai yi ta ba.

Da ya koma New York ya shiga jami'ar The New School, sai ya fara leƙa wani wurin ibada da aka sani da yawan waƙe-waƙe, na mabiyan marigayi malami Shlomo Carlebach. Daga nan ya haɗu da wani malamin ƙungiyar Chabad. Zuwa 2001 ya tsunduma gaba ɗaya, ya koma amfani da sunansa na Ibrananci, Matisyahu, wato kyautar Allah. Daga baya ya tare a unguwar Crown Heights ta Brooklyn, hedikwatar Chabad, ya zauna karatun Attaura da Talmud dare da rana.

Yahudawa na kiran irinsa "baal teshuva", ma'ana wanda ya komo. Masana harsuna na danganta tushen kalmar da "tauba" ta Larabci, wadda Hausawa suka ara suka ce tuba. Tubabbe ke nan, da duk zafin da aka san sabon tubabbe da shi.

Chabad reshe ne na Hasidawa, tafarkin da wani malami da ake kira Baal Shem Tov ya kafa a yankin Yukren na yau. Ya rasu a 1760, lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana yaro ɗan shekara biyar a ƙasar Gobir. Hasidawa sun ɗauki farin ciki da rawa da waƙa a matsayin ƙofar kusantar Ubangiji. Suna da wani irin rauji da suke kira "nigun", sau da yawa babu kalma ko ɗaya a ciki, sai maimaita murya har zuciya ta yi laushi. Wanda ya taɓa zama a da'irar zikirin Juma'a, ko ya ji bandirin Ƙadirawa, zai gane inda aka dosa. Saboda haka Matisyahu bai faɗa hannun malaman da suka haramta waƙa ba. Abin da ya zama sabo shi ne irin kiɗan da ya shigo da shi.

Me ya haɗa rege da Attaura?

Da farko jama'a sun ɗauki abin a matsayin abin dariya: farar fata, cikin kayan Yahudawan Turai na ƙarni na 18, yana rege. Amma wanda ya san rege ya san ba a banza suka haɗu ba. Rastafari, aƙidar da ta raini wannan kiɗa, ta taso a Jamaika bayan naɗin Sarki Haile Selassie na Habasha a 1930, kuma kusan duk kalmominta daga littattafan Bani Isra'ila ta ɗebo su. Babila ita ce ƙasar bauta da zalunci, Sihiyona ita ce gidan da ake begen komawa. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka sun karanta labarin Annabi Musa da Fir'auna suka ga kansu a ciki. Faifan Bob Marley na 1977 sunansa "Exodus", wato fitar Bani Isra'ila daga Masar. Waƙar "Rivers of Babylon" da ƙungiyar The Melodians ta fitar a 1970 daga Zabura aka ɗauko ta. In an bi diddigi, Matisyahu ya tarar da kayan gidansu ne a hannun maƙwabta.

Mu a Afirka ta Yamma mun riga Amurkawa ganin wannan haɗi. Alpha Blondy na Kodebuwa, wanda sunansa na yanka Seydou Koné, ya fitar da faifan "Jérusalem" a 1986 tare da makaɗan Bob Marley, yana haɗa Ibrananci da Larabci a waƙa ɗaya, yana kiran Musulmi da Kirista da Bayahude su yi ibada a birni ɗaya. Kaset ɗinsa da na Lucky Dube sun zagaya tashoshin mota da shagunan aski na Nijar tun kafin a haifi da yawa daga masu karanta wannan shafi. Shi Lucky Dube, da duk tulin gashinsa, an san shi da ƙin giya da taba da wiwi. Bob Marley kansa an yi masa baftisma a cocin Orthodox ta Habasha a watan Nuwamban 1980, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Rege dai tun asali kiɗan masu neman Allah ne, ko da hayaƙin da ya lulluɓe shi ya hana wasu gani.

Daren Asabar ba wasa

Faifansa na farko, "Shake Off the Dust... Arise", ya fito a 2004 daga wani ƙaramin kamfanin Yahudawa mai suna JDub. Wanda ya fito da shi duniya shi ne "Live at Stubb's" na 2005, da aka naɗa kai tsaye a birnin Austin na jihar Texas. Abin ban dariya, Stubb's gidan gashin nama ne, naman da dokar addininsa ta hana shi ko ɗanɗanawa. Waƙar "King Without a Crown" ta shiga sahun 40 na farko a jadawalin Billboard, alhali daga farkonta har ƙarshe munajati ce ga Ubangiji. A 2006 faifan "Youth" ya kai mataki na 4 a Amurka, aka kuma sa shi cikin masu takarar kyautar Grammy a rukunin rege. Faifan biyu kowanne ya haura kwafi 500,000.

Duk da wannan kasuwa, bai taɓa Asabar ba. A wurin Yahudawa ranar hutu na kamawa ne daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari a daren Asabar. Mai kiyaye ta ba ya aiki, ba ya shiga mota, ba ya kunna wuta, balle ya riƙe makirufo. Daren Juma'a kuwa shi ne daren da mawaƙan Amurka suka fi samun kuɗi. Matisyahu ya yafe shi. An taɓa samun togiya a 2007 a garin Fairbanks na jihar Alaska, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, inda a lokacin bazararsu rana ba ta faɗuwa sai tsakar dare ta wuce. Ya yi wasansa ya gama, Asabar ba ta kama ba. Malaman fiƙihunmu da ake tambaya yadda mai azumi zai sha ruwa a irin waɗannan ƙasashe za su ji daɗin wannan mas'ala.

Ba kowa ya yi masa tafi ba. Wasu masu sharhin kiɗa sun ce farar fata ne ya ari muryar baƙaƙen Jamaika yana cin riba, zargin da ba za a share shi da hannu ɗaya ba, ganin yawan mawaƙan Kingston da suka fi shi daɗewa a fagen ba su samu rabin abin da ya samu ba. A cikin gida kuma wasu Hasidawa na ganin bai dace mai gemu ya tsaya a gidan rawa, maza da mata a cakuɗe, giya na yawo ba, ko da sunan Allah yake kira.

Wannan gardama mun san ta

A ƙasar Hausa ba a taɓa rasa waƙa a addini ba. Shehu da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, Aliyu Namangi ya bar mana "Imfiraji". Inda ake jan daga shi ne kiɗa: kalangu, goge, garaya, yanzu kuma fiyano da kwamfutar situdiyo. Ga kuma tsohon kallon da ake yi wa makaɗi, na maroƙi wanda ake jin daɗinsa a biki amma a yi jinkirin ba shi 'ya.

Jihar Maraɗi ta ga wannan ja-in-ja da idonta. A Tibiri, fadar Sarkin Gobir da ke cikin gundumar Gidan Rumji, bori da gogensa sun daɗe da zama a jikin sarauta. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta tsallako iyaka ta kafu a Maraɗi, ta sami karɓuwa wurin 'yan kasuwa da matasa, ta kuma sa kiɗa da bidi'o'in biki a gaba. A watan Nuwamban 2000, lokacin da aka yi zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, an ƙona mashaya da wasu wurare a Maraɗi, duk da cewa bikin a kusa da Yamai ake yin sa. Yaron da ya tashi a Cadawa ko Gazawa da baiwar murya a cikin wannan yanayi, zaɓinsa kaɗan ne: ya koma bege da yabon Annabi, ko ya yi waƙarsa a ɓoye kada mahaifi ya ji, ko ya tafi Kano ko Yamai a riƙa cewa ya lalace.

A duniyar Musulmi misalin da ya fi kusa shi ne na Cat Stevens, mawaƙin Ingila da ya musulunta a 1977 ya zama Yusuf Islam. Shi ajiye jita ya yi baki ɗaya, sai a 2006 ya dawo da sabon faifai irin na da, bayan kusan shekara 30. A shekarar da Yusuf Islam ke komowa ga kiɗa, Matisyahu na kan ganiyarsa da kiɗa da gemu a tare. Ɗaya ya ga sai ya bar waƙa zai sami Allah, ɗayan waƙar ce ta kai shi ƙofar malamai.

Aski

Alamun sauyi sun fara tun 2007, lokacin da ya shaida wa wata jarida a Miami cewa ba ya ɗaukar kansa ɗan Chabad kamar da. Ya koma yin ibada da Hasidawan Karlin, waɗanda aka sani da ɗaga murya da ƙarfi in suna addu'a. Bayan askin 2011 sai hular ma ta riƙa ɓacewa, ya rina gashi, aurensa ya mutu. Da yawa daga matasan da suka shiga addini ta dalilinsa sun ji kamar an yaudare su, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Wanda ya ce wa mutane ga hanya, in ya sauka daga kanta ba shi kaɗai yake sauka ba.

Sai dai waƙoƙinsa ba su rabu da littafi ba. Faifansa na 2014 sunansa "Akeda", kalmar da Yahudawa ke kiran ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa a wurin yanka. Su a wurinsu Ishaƙ ne, mafi yawan malaman Musulunci kuma sun tafi a kan Isma'il ne, ƙissar da muke tunawa duk Babbar Sallah. Faifai ne mai nauyi, na mutumin da ya rasa gida da jama'a da kamannin da aka san shi da su. A ganina ya fi na lokacin gemun gaskiya, ko da bai kai su kasuwa ba. A da yana waƙa ne kamar mai wa'azi da ya riga ya san amsa. A nan kuwa tambaya yake yi.

Waƙar fata, da yaƙin Gaza

"One Day" ta fito a faifan "Light" na 2009. Cikin waɗanda suka taya shi rubuta ta har da Bruno Mars, kafin ya yi suna. Addu'a ce ta ganin ranar da za a daina yaƙi yara su yi wasa cikin aminci, a kan kiɗa mai sauƙin kamawa. Gidan talabijin na NBC ya yi amfani da ita wajen tallar wasannin Olamfik na hunturu na 2010 a Vancouver ta Kanada, aka kuma sake naɗa ta tare da Akon, ɗan asalin Senegal. A watan Fabrairun 2018 wata ƙungiya mai suna Koolulam ta tara mutum 3,000 a birnin Haifa, Yahudawa da Musulmi da Kiristoci, suka rera ta da Turanci da Larabci da Ibrananci. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon.

Irin wannan addu'a ba ta buƙatar tafinta a Gidan Rumji. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, akasarinsu suka sauka a ƙauyukan wannan gunduma, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasu Cadakori don nisanta su da iyaka. Satar shanu da garkuwa da mutane kuma ba su tsaya a wancan gefen ba.

To amma mai waƙar zaman lafiya yana da ɓangare, kuma bai ɓoye ba. A watan Agustan 2015 masu shirya bikin rege na Rototom Sunsplash a Sifaniya, bisa matsin lambar masu fafutukar ƙaurace wa Isra'ila, suka nemi ya fito fili ya goyi bayan kafa ƙasar Falasɗinu. Ya ƙi, suka soke wasansa. Gwamnatin Sifaniya ta yi tir da matakin, domin shi kaɗai aka yi wa wannan sharaɗi, kuma ba ɗan Isra'ila ba ne, Ba'amurke ne Bayahude. Masu bikin suka nemi afuwa suka sake gayyatarsa. Ya hau dandamali tutocin Falasɗinu na kaɗawa a gabansa, ya rera waƙarsa mai suna "Jerusalem".

A wancan karo mutane da dama, har da waɗanda ba sa ƙaunar siyasar Isra'ila, sun ga an yi masa rashin adalci. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 da yaƙin da ya biyo baya, lissafin ya sauya. Ranar 14 ga Nuwamban 2023 ya rera "One Day" a babban gangamin goyon bayan Isra'ila a Washington. A farkon 2024 ya je Isra'ila, ya ziyarci wuraren da aka kai harin, ya yi wa sojoji wasa, a daidai lokacin da ake ruwan bama-bamai a Gaza, inda dubun-dubatar Falasɗinawa suka mutu, da yawansu mata da yara. A watannin Fabrairu da Maris na shekarar aka soke wasanninsa a Santa Fe da Tucson da Chicago. Masu wuraren sun kafa hujja da tsaro ko ƙarancin ma'aikata, shi kuma ya ɗora laifin a kan ƙyamar Yahudawa.

Magoya bayansa na cewa mutum ne da aka kashe 'yan uwansa, ya je jaje. Masu sukarsa na cewa wanda ya yi suna da addu'ar kada a ƙara zubar da jinin yara bai kamata ya zama mawaƙin rundunar da ke zubar da shi ba. Mafi yawan masu karatu a Maraɗi da Kano sun san inda suka tsaya a kan Gaza, kuma da wuya tarihin gemunsa ya sauya musu ra'ayi. Ni ma ina ganin wasan da ya yi wa sojoji ya rage wa waƙar nauyi a bakinsa. Ko ya rage mata nauyi a bakin sauran masu rera ta, wannan wata magana ce, domin ta daɗe da fita daga hannunsa.

A 2016, a wani shagon shan kofi a tsibirin Maui na Hawaii, wani saurayi mai ƙaramar jita yana rera "One Day" don 'yan kuɗin da masu shigowa ke jefa masa. Wani dogon mutum mai rinannen gashi yana jiran kofinsa, sai ya kama taya shi. Da suka gama mutumin ya tambaye shi ko ya san mai waƙar. Saurayin ya ce Matisyahu ne. Mutumin ya nuna ƙirjinsa. Sai da aka ɗan ja kafin yaron ya yarda. Bayan 'yan makonni Matisyahu ya gayyace shi Los Angeles, suka rera ta tare a dandamalin Hollywood Palladium.